Dokar Lauya Godwin da Musun Hausawa a Intanet

A watan Yulin shekarar 2007, Gidauniyar Wikimedia, wato ƙungiyar nan mai zaman kanta da ba ta neman riba, wadda ke riƙe da kundin sani na Wikipedia, ta ɗauki wani Ba'amurke mai suna Mike Godwin a matsayin babban lauyanta. Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin labari a nan, kuma me ya haɗa ɗalibin Hausa da lauyan Amurka? Ai kowace ƙungiya da ta san ciwon kanta tana da lauya. Haka ne. Sai dai shi wannan bawan Allah, duniya ta fi saninsa da wata "doka" da ya ƙaga, wadda babu majalisar da ta zartar da ita, babu kuma alƙalin da ya taɓa ɗaure wani a kanta. Ita nake son mu duba, domin a ganina ta fi shafarmu, mu masu nazarin harshe, fiye da yadda ta shafi lauyoyi.

A shekarar 1990, lokacin da intanet ba ta gama fita daga jami'o'i da ɗakunan bincike ba, Godwin ya lura da wata ɗabi'a ta masu muhawara a zaurukan tattaunawa na wancan zamani. Ko a kan me aka fara musu, haraji ne ko mallakar bindiga ko tarbiyyar yara, in dai aka daɗe ana yi, sai wani ya ce wa abokin musunsa ai ra'ayinka irin na Hitila ne, ko kuwa ku 'yan Nazi ne. Sai ya tsara abin da ya gani cikin sigar dokar lissafi, don ba'a: gwargwadon tsawon muhawara, gwargwadon kusantowar lokacin da za a ambaci Hitila, har abin ya zama kamar tilas. Daga baya mutane suka ƙara nasu, suka ce duk wanda ya fara ambaton Hitila to ya faɗi, a tashi. Maganar ta bazu har ƙamusun Ingilishi na Oxford ya shigar da ita a shekarar 2012.

Me ya dame shi da har ya yi haka? Shi da kansa ya sha bayyana cewa abin da ya tsaya masa a rai shi ne kisan ƙare dangi da gwamnatin Nazi ta yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. In aka wayi gari ana kiran malamin da ya hana satar jarrabawa Hitila, ana kiran mai gidan haya Hitila, to wata rana yaro zai tashi yana zaton Hitila wani mutum ne mai tsanani kawai, irin shugaban makarantarsu.

Yanzu sai mu koma kan aikinsa na lauya, don a nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. A wannan shekara ta 1990 ce wata ƙungiya mai kare 'yancin masu amfani da kwamfuta, EFF, ta ɗauke shi a matsayin lauyanta na farko. Yana cikin lauyoyin da suka ƙalubalanci wata dokar Amurka ta taƙaita magana a intanet, shari'ar da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 1997 ta soke sassan dokar. Ita kuwa Wikimedia tana da dalilinta na neman irinsa. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin wani tsohon ɗan jarida, John Seigenthaler, ya alaƙanta shi da kisan Shugaba Kennedy da ƙanensa, rubutun kuma ya yi wata huɗu ba a goge ba. Kundin da kowa ke iya sa wa hannu, ai kullum yana bakin ƙofar kotu. A 2010, shekarar da Godwin ya bar aikin, hukumar FBI ta rubuto tana neman a cire hoton hatiminta daga Wikipedia, ya mayar musu da amsa cewa sun karanta dokar ba daidai ba, hatimin kuma ya zauna.

Abin lura a nan, mutumin da ya san kotu ciki da waje, bai taɓa neman a kafa dokar ɗaure mai kiran wani Hitila ba. Da kunya ya yaƙi abin. Ya sa mai yin haka ya zama abin dariya.

To, mu fa? Bahaushe ya san Hitila. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta yi ta kawo labarin yaƙin, kakanninmu da dama kuma an ɗebe su soja har ƙasar Bama. Amma sunan ba ya ƙona mu kamar yadda yake ƙona Bature. Mu muna da namu. Duba shafin kowace kafar labarai ta Hausa a Facebook, a sa labarin kuɗin makaranta, ko na ganin watan azumi, ko ma na wani fim ɗin Kannywood. Mutum biyar na farko za su yi magana a kan batun. Kafin a kai na ashirin, an sami Fir'auna, an sami Bayahude, an sami munafuki, an sami ɗan Boko Haram, wani kuma an fitar da shi daga addininsa baki ɗaya. In musun ya haɗa da 'yan kudu, to kowane ɗan Arewa ɗan ta'adda ne, mu ma kuma muna da abin da muke mayar musu wanda ba zan rubuta a mujallar sashe ba.

Ni ba da Hausa na buɗi baki ba, da Tangale ne. A layukan Manawashi na tsinci Hausa, kuma kamar kowane mai koyon harshe a titi, zagi na fara iyawa kafin gaisuwa. Wataƙila shi ya sa nake jin nauyin kalma fiye da wanda ya sha ta a nono, domin kowace sai da na tambayi ma'anarta. Na tambayi abin da "bala'i" ke nufi aka ce mini annoba ce ko wata babbar jarrabawa daga Allah, sai ga shi ina jin ana cewa shayin nan ya yi bala'in daɗi. "Masifa" ta koma masifar kyau. "Mugu" ya koma mugun ƙoƙari. "Shege", wanda a da kan ja a zubar da jini, yau yabo ne ga ɗan ƙwallon da ya iya yanka. A darasin ilimin ma'ana mun ga yadda yawan amfani ke side wa kalma kaifi, kamar wuƙar da aka mayar ta saran itace. Ba na kuka da wannan, haka harshe yake tafiya. Amma akwai kalmomin da suke ɗauke da gawarwaki, su kam bai kamata mu bari su dushe ba.

Mu a Gombe ba labari aka ba mu ba. A watan Afrilun 1985 rikicin mabiya Maitatsine ya ɓarke a unguwar Pantami, aka rasa rayuka sama da 100, bayan wanda aka yi a Kano a Disambar 1980 inda alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 suka mutu. Har yanzu akwai dattawan da suka ga abin da idonsu. Ranar 16 ga Yulin 2015, ana jajiberin ƙaramar salla, mutane na sayayya, bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar Gombe, kusan mutum 50 suka rasu. Wannan shi ne abin da sunan Boko Haram yake nufi a garin nan. Saboda haka idan ɗalibi ya kira ɗan ajinsu da wannan suna don kawai ya ɗage wando, ko don ya ce a rage kiɗa a bikin yaye ɗalibai, ya cuci ɗan ajin, ya kuma cuci matar da mijinta ya tafi sayo wa yara takalman salla bai dawo ba. Ya mayar da abin da ya same ta kayan tsokana.

Wani abin dubawa, sunayen nan biyu su kansu laƙabi ne da jama'a suka bayar. Muhammadu Marwa, saboda yawan tsinuwa a wa'azinsa aka kira shi Maitatsine. Ina iya cewa ashe duk mai saurin tsine wa abokin musu ya ɗauko hanyarsa, to amma da na faɗi haka dokar Godwin ta kama ni, don haka na bar ta a nan.

Abin da ya fi ba ni haushi, a matsayina na ɗalibin adabi, shi ne lalacin da ke cikin abin. Bahaushe ba ya rasa makamin faɗa da baki. Yana da habaici, yana da zambo, yana da gugar zana, yana da gatse da baƙar magana. Makaɗin fada idan zai yi wa abokin hamayyar ubangidansa zambo, sai ya ƙare masa kallo, ya san tafiyarsa da rowarsa da yadda rawaninsa ke karkacewa, ya zana shi yadda kowa zai gane ba tare da an kama suna ba. Zambo yana buƙatar ka san mutum. Shi kuwa "Fir'auna" ko "ɗan ta'adda" ba ya buƙatar ka san komi, hula ce da ke shiga kowane kai. Mai jefa ta ya huta da kawo hujja, ya kuma rufe ƙofar sauraro, don wa zai zauna ya saurari Fir'auna? A majalisar mai shayi a unguwarmu, in musu ya kai nan, akwai dattijon da zai ce kai, ya isa, kuma gobe dole ku haɗu a wurin jana'iza ko ɗaurin aure. A waya babu dattijo, babu kuma gobe.

Bambancinmu da Amurkar Godwin shi ne, a can in an kira ka ɗan Nazi yawanci hira ce ta mutu. A nan mutum ne kan mutu. A watan Mayun 2022, daga saɓani a zauren WhatsApp na 'yan aji ɗaya aka kai ga kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa Kano daga Fatakwal, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Waɗanda suka yi wannan aika-aika ba a ranar suka fara jin cewa ɗan Arewa mai bindiga ɗan ta'adda ne ba. An daɗe ana shuka musu.

Na san wani zai ce, to shi ke nan ba za a kira azzalumi da sunansa ba? Za a kira. Godwin ma a 2017, bayan gangamin masu fifita farar fata a garin Charlottesville, inda aka fito da tutocin Nazi a fili, ya ce waɗannan kam a kwatanta su da 'yan Nazi, ba su da wata kariya a dokarsa. Kwatance hanya ce ta fahimta, kuma tarihi don a yi izina da shi aka rubuta. Sharaɗin kawai, mai kwatancen ya iya zama ya nuna ta ina suka yi kama, ta ina kuma suka bambanta. In ka ce gwamna Fir'auna ne, faɗa mana me ya yi, yaushe, ga wa. In ka iya kawo waɗannan, za ka ga sunan Fir'aunan ma ba ka buƙatarsa.

Wasu kuma za su ce a bar hukuma ta yi maganin abin. Nan kam ban yarda ba. Muna da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, kuma mun ga yadda aka yi amfani da sashe na 24 nata a kan 'yan jarida da masu suka, har aka yi masa gyara a 2024. Mun ga yadda a Nuwambar 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a kan rubutun da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki ɗumi aka janye ƙarar. Mun ga an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sai da ƙungiyar SERAP da wasu suka je kotun ECOWAS, ta yanke cewa rufewar ta saɓa doka. Irin wannan doka tana saurin kama wanda ya taɓa babba, amma ban ga tana gudu haka don an kira ɗan talaka ɗan ta'adda ba. Ƙungiyoyinmu suna buƙatar lauyoyi, ƙwarai kuwa, amma irin Godwin, masu tsaya wa mai magana in an zo kama shi. Gyaran bakin kuwa namu ne, kuma cibiyoyi irin su CITAD ta Kano sun daɗe suna bibiyar kalaman ƙiyayya a intanet suna fitar da rahoto.

A nan nake ganin akwai aiki ga 'yan aji huɗu masu neman batun kundin digiri, maimakon a sake rubuta "Jigo da Salo" a karo na ɗari. Mutum ya zaɓi muhawara 50 a shafukan Hausa, ya rarraba su: siyasa, addini, fim, ƙwallo, aure. Ya ƙirga amsa nawa ake yi kafin laƙabin farko ya faɗo, wane laƙabi ne, wa ya jefa, kuma bayan an jefa ko wani ya sake komawa kan batun. Ya duba ko mata da maza sun bambanta, ko Hausar Gombe da ta Sakkwato da ta Maraɗi suna da Hitila ɗaya. Ni dai hasashena, a siyasa Fir'auna zai zo na ɗaya, a addini kuwa Bayahude da munafuki za su yi kankankan. Na ƙwallo ne ban iya cankar wanda zai ci ba.