Daɓen katako a kwale-kwale: a yi shi, amma a bar wa ido hanya

Yau maganarmu ta ruwa ce, kuma a kan ƙaramin abu: ƴan katakon nan da ake shimfiɗawa cikin kwale-kwale don raba ƙafa da kaya da ruwan da ke taruwa a ƙasa. Wani zai ce, mi ya haɗa Bamaraɗe ko mutumin Damagaram da jirgin ruwa? To, akwai masunta a tafkin Madarunfa, akwai su a Tabalak cikin jahar Tawa, akwai su a Gidimuni. Kogin Isa yana ratsa ƙasarmu wajen kilomita 550. Kuma tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a 2023, ƴan kasuwa da ɗalibai da masu ziyara da yawa sun koyi ƙetare kogi a jirgi, har da waɗanda ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Mu fara da abin da kowane mai fito ya sani: babu jirgin katakon da ba ya shan ruwa. Komi kyan likin da aka yi masa da tsumma da kwalta, ruwa zai tsatso ta mahaɗar katako, zai fantsamo daga filafili, zai zubo daga koma da jiƙaƙƙen kaya, ga na sama idan damina ce. Shi ya sa muke ganin ana jefa rassan itace, ko kara, ko tsohuwar tabarma a ƙasan jirgi kafin a ɗora buhu. Dabara ce ta wucin gadi. Karan yana ruɓewa, tabarmar tana riƙe laka, kuma buhun shinkafa ko na albasa da ke can ƙasa shi ke biyan bashin. Mai albasar da ya taso tun daga Galmi ya san abin da jiƙa ke yi mata. Ga mai jirgin kansa, ƙafa cikin ruwa tun safe har magariba, tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage. Ruwan nan kuwa na kogi ne, kuma tsargiya ta fata take shiga jiki.

Don haka mu muna goyon bayan daɓe, ɗari bisa ɗari. Ba sai an yi odarsa daga wata ƙasa ba, kafintan unguwa zai yi shi, mai jirgin ma zai iya in yana da zarto da guduma. Sai dai akwai daɓen da ke taimako, akwai wanda ke kai mutane lahira, kuma daga sama kamarsu ɗaya.

Daɓe ba ya hana ruwa shiga jirgi. Yana ɗaga ka ne kawai daga kansa. Idan aka jera katako ƙiƙam, aka buga ƙusa daga goshi har wutsiya babu ko tsaga, to an rufe wa kai ido ke nan. Ƙafa a bushe, fasinja na ta hira, ruwa na ta hawa a ƙasa. Ku yi lissafin da mu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da shimfiɗar cikinsa ta kai mita 6 a tsawo da mita 1 a faɗi, in ruwa ya kwanta santimita 10 kacal, lita 600 ke nan. Buhu 12 masu kilo 50, waɗanda ba wanda ya loda, ba wanda ya biya kuɗinsu. Kuma buhu yana zama inda aka ajiye shi, ruwa ba ya zama. Jirgi ya ɗan karkata, duk kilo 600 ɗin nan sai su ruga gefe guda, daidai lokacin da mutane suka firgita suka miƙe tsaye.

To yaya ake yin na kirki? A yi shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mutum ɗaya zai iya ɗaga ta da hannu ɗaya. Ƴan katako masu faɗin tafin hannu, kauri kamar santimita 2, a jera su bisa sanduna biyu ko uku da aka gitta, a bar tsaga mai faɗin yatsa tsakanin kowane biyu. Tsagar ce ke barin ruwa ya sauka, ita ce kuma ke barin ido ya ga inda ya kai. Sandunan da ke ƙasa a ɗan fafe su a tsakiya, don ruwa ya gangara zuwa wurin da ya fi zurfi maimakon ya tsaya ɗaki-ɗaki. A wannan wuri mai zurfi, a bar rami a buɗe wanda yankakken bido ko ƙwarya za ta shiga, kuma kada a taɓa ɗora kaya a kansa, ko na wane ne. Wurin kwarfar ruwa ne, yaron jirgi ya kai gare shi ba tare da ya ɗaga buhu ba.

Ƙusa kuwa, a tsakanin katakon daɓen kaɗai. Kada a buga ko ɗaya a jikin jirgi, kowace ƙusa ƙofa ce, in ta yi tsatsa ramin ya ƙara faɗi. Gunduwar ta zauna bisa haƙarƙarin jirgi, a ɗaure ta da igiya don kada ta zame. A lanƙwasa bakin kowace ƙusa, saboda rabin masu shiga ba takalmi gare su. Kuma kada a ɗaga daɓen sama da yawa don neman bushewa: iya tsawon da aka ƙara masa, iya yadda kaya da mutane suka hau sama, jirgin ya ƙara saurin kifewa. Yatsu huɗu zuwa biyar sun isa ƙaramin jirgi.

Batun itace shi ne inda aljihu ke magana. Maɗaci ya daɗe yana aikin jirgi, giginya ma tana jure ruwa da gara, amma ba itatuwan da mutum zai ɗauki gatari ya sara yadda ya ga dama ba ne, sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Ragowar katako a wurin kafinta ta wadatar, ko na tsofaffin akwatunan kaya, muddin an bushe shi an shafa masa fenti. Abu biyu muke roƙo a guje wa. Na farko kontirfilaken da ake yin silin da kabad da shi, siraran katako ne da aka manna da gam, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya ɓare kamar albasa. Na biyu baƙin man inji da wasu ke shafawa wai don hana ruɓa. Yana sa santsi, yana ɓata kayan abinci, kuma ƙarshensa cikin ruwan da muke kamun kifi zai koma. Lokaci zuwa lokaci a fidda gunduwoyin a shanya, a kwashe yashi da ƙayar kifi da ke ƙasa, a duba liki.

Mun san abin da wasu masu fito za su ce: daɓe nauyi ne, ya cinye wurin buhu. Gaskiya ne, a jirgi irin wanda muka lissafa zai kai nauyin buhu ɗaya ko ya ɗan fi. Amma wanda ke ƙorafin buhu ɗaya alhali bakin jirginsa saura yatsa biyu ya taɓa ruwa, matsalarsa ba daɓe ba ce, lodi ne. Nan ne ma muka fi jin tsoro, kada busasshen daɓe ya zama hujjar ƙara kaya, a ce ai ba abin da zai jiƙe. Daɓe ba ya ƙara wa jirgi ƙarfin ɗauka ko da kilo ɗaya, ragewa yake. Ba ya kuma maye gurbin rigar ceto.

Sarakunan ruwa da shugabannin masu fito suna da ta cewa a nan, haka ma ma'aikatan magajin gari da ke karɓar haraji a bakin ruwa. Wanda ya iya ƙirga fasinja don yanka tikiti, zai iya sunkuyawa ya duba ko akwai ramin kwarfa da bido a kusa. Wannan ba ya buƙatar taro a Yamai ko kuɗin wata ƙungiya. Mu fasinjoji ma da namu. Kafin ki miƙa kuɗin fito, Hajiya, ki ce a ɗaga miki katako ɗaya ki gani. Ba raini ba ne, kuma mai jirgin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. In aka ce ba ya ɗaguwa, an kafe shi, ki jira na baya.

Masunta na Tabalak da Madarunfa, da masu fito na Gaya, ku kuka fi mu sanin ruwa. Ku rubuto mana a ƙasa wane itace ya fi daɗewa a wurinku, da damina nawa yake yi kafin a sake shi, za mu karanta a shirinmu in Allah ya kai mu.