Billy Cobham da Rashin Adalcin Masu Rubuta Tarihin Jazz

A shekarar 2001 Ken Burns ya fitar da shirinsa na tarihin kiɗan jazz mai kashi 10, ya cusa kusan shekara 40 na ƙarshe a kashi guda. Salon fusion, wanda ya haɗa jazz da rock da kayan kiɗa na lantarki, ya samu ɗan tsokaci kawai, kamar ɗan da ya zubar wa gida mutunci. Masu wannan ra'ayi, irin su marubuci Stanley Crouch, sun daɗe suna cewa fusion neman kuɗi ne da hayaniya. Rayuwar Billy Cobham ta isa ta ƙaryata su.

An haifi Cobham a Panama a 1944, ya girma a New York. Kafin ya shiga fusion, ya yi wa Horace Silver kiɗan ganga a 1968, wato ya ƙware a jazz ɗin da masu sukar ke girmamawa. Daga nan Miles Davis ya sa shi a faifan A Tribute to Jack Johnson, sannan a 1971 ya shiga ƙungiyar Mahavishnu Orchestra ta John McLaughlin. A can ya riƙa kaɗa ma'aunai masu wuya, irin tara-tara, cikin gudu ba tare da ya kauce ba. Wanda ke neman kasuwa ba ya zaɓar kiɗan da ƙafar mai rawa ba ta iya bi.

Salon hannunsa ma ya zama darasi. Maimakon ya giciye hannuwa kamar yadda aka saba, sai ya bar su a buɗe, hagu na jan ragama, gangunan duka suna gabansa. Makaɗa da dama sun ɗauki wannan hanya. Faifansa Spectrum na 1973 ya ratsa zamani har ƙungiyar Massive Attack ta Ingila ta gina waƙarta Safe from Harm a kan Stratus a 1991.

Gaskiya ne, wasu 'yan fusion sun koma kiɗa mai laushi don gidajen rediyo a ƙarshen shekarun 1970. Amma a hukunta salo duka da laifin ragwayensa zalunci ne. Cobham ya haura shekara 80. Tarihin jazz da ya rage masa wuri, tarihi ne da aka rubuta da son rai.