Dashen Ƙoda: Aiki Ba Ya Ƙarewa A Ɗakin Tiyata

Jama'a, sau da yawa mukan ji shela a rediyo cewa wani bawan Allah yana neman taimako don a yi masa dashen ƙoda. A tara kuɗi, a yi aiki, a buga hotonsa yana murmushi a gadon asibiti, daga nan kuma sai tsit. Ba mai komawa bayan shekara guda ya ji yadda ya ƙare, alhali a nan ne ainihin maganar take.

Dalili kuwa shi ne jikin ɗan Adam ba ya son baƙo. Da zarar an dasa masa ƙodar wani, sai garkuwar jikinsa ta taso mata da yaƙi. Abin da ya sa dashen da Likita Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka cikin 1954 ya kama, shi ne mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, jiki bai ga baƙo ba. Mai karɓar ya ƙara shekara 8 a duniya. A 1967 kuma Likita Christiaan Barnard ya dasa wa Louis Washkansky zuciya a Afirka ta Kudu. Zuciyar ta kama aiki, amma magungunan da aka ba shi don danne garkuwar jiki suka buɗe wa ciwon huhu ƙofa, ya mutu bayan kwana 18. Sai da maganin siklosporin ya shigo hannun likitoci a farkon shekarun 1980 sannan dashe ya zama abin dogaro.

A nan Nijeriya, Asibitin St. Nicholas da ke Ikko ya fara dashen ƙoda a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi sahu a 2002. Likitocinmu sun nuna gwaninta, wannan ba musu. To, amma wanda aka yi wa dashe sai ya riƙa shan maganin nan kullum, muddin ƙodar tana jikinsa. In kuɗi ya ƙare ya daina, jiki zai ƙi ta, ya koma kan injin wankin ƙoda, sadaukarwar ɗan'uwansa da gonar da aka sayar duk su tashi a banza.

Saboda haka ina kira ga asibitocinmu su riƙa bin sawun kowane majiyyaci, su bayyana wa jama'a mutum nawa ne ƙodarsu ke aiki bayan shekara 1, nawa bayan shekara 5, da kuma lafiyar waɗanda suka bayar. Gwamnatin Tarayya kuma ta sauƙaƙa kuɗin waɗannan magunguna. Ku kuma dangi, kafin ku sa hannu a takarda, ku tambayi likita abin da magani zai ci kowane wata, ku san inda zai fito.

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Haka dashe yake. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa.