Nasiha Ga Mai Wa'azi Idan Hankalin Jama'a Ya Rabu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ku sani, ya ku malamai da almajirai, babu mai tsayawa gaban jama'a face an jarrabe shi da abin da ke ɗauke musu hankali: kukan jariri, ƙarar waya, mai gyangyaɗi, mai shigowa a makare. Malaman Nasara a majami'unsu sun daɗe cikin wannan jarrabawa, kuma akwai labarai biyu nasu da suka isa a yi tunani a kansu.

Na fari, Yuhanna wanda ake wa laƙabi da Mai Bakin Zinariya, wanda ya yi wa'azi a Antakiya, ya rasu shekara ta 407 Miladiyya. Wata rana yana cikin bayani, duhu ya fara, mai kunna fitilu ya shigo, sai jama'a suka bar shi suka koma kallon mai fitila. Ya yi musu faɗa, amma bai tsaya ga faɗa ba. Ya mai da fitilar misali, ya nuna musu hasken da yake kunna musu daga littafi ya fi na mai da lagwani. Abin da ya ɗauke hankalinsu, da shi ya komo da su.

Na biyu, Charles Spurgeon a birnin Landan, ranar 19 ga Oktoba 1856, yana da shekara 22. Dubban mutane sun cika zauren Surrey Gardens, sai wasu suka yi kururuwar gobara, alhali babu wuta. Aka yi turmutsutsu a matakala, mutum bakwai suka mutu. Shi kuwa daga mumbari bai san an yi rashi ba. Aka roƙe shi ya ci gaba, ya yi magana kaɗan, sa'an nan ya sallami jama'a. Baƙin cikin wannan dare bai rabu da shi ba har ya bar duniya.

To, wajibi ne mai wa'azi ya rarrabe. Ƙaramin abu, a ƙyale shi ko a mai da shi darasi. Abin da ya shafi rai, a yanke magana nan take, a dubi mutane.

Ni kaina na taɓa kuskure. Jariri ya yi kuka ina tsakiyar tafsiri, na ɗaga murya na ce a fitar da shi. Uwar ta goya ɗanta ta fita, ba ta sake dawowa majalisina ba. Na tsare jimlata, na yi hasarar mai saurare. Alhali mun karanta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga mumbari ya ɗauki Hasan da Husaini da suka taho suna tuntuɓe, kuma yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in an katse ka, yi shiru kaɗan, sassauta murya, koma inda ka tsaya. Kada ka kunyata kowa a bainar jama'a. In gyangyaɗi ya yi yawa, tuhumi tsawon maganarka kafin ka tuhumi mutane. Don su aka yi wa'azi, ba don daɗin bakinka ba.

Allah ya ba mu haƙuri da hikima, amin. Wassalamu.