Wa Ya Buɗe wa Baƙon da Ke Shan Datarka Ƙofa?

Makon jiya wani abokina ya kira ni bayan isha'i, ransa a ɓace. Datar wata guda ta ƙare masa tun watan bai raba ba. Da ya leƙa shafin rautarsa, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gidansa, a kwamfuta, sai ya ga na'urori goma a jere, alhali shida ya sani. Har ya yanke hukunci: samarin da ke hira a dakalin maƙwabcinsa ne, gobe sai gaban mai unguwa. Na ce masa, Malam, mu fara ƙirga na cikin gida tukuna.

Muka ƙirga. Ga talabijin ɗin falo, da ya manta shi ma yana hawa intanet. Ga kuma wayarsa ta aljihu, ta fito ba suna, sai wata lamba da bai taɓa gani ba. Irin wannan ne ya fi ruɗa mutane. Kowace na'ura tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12, ana ce mata adireshin MAC, shidan farko kan nuna kamfanin da ya ƙera ta. To amma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi kan ɓoye lambarsu ta asali su ƙirƙiri wata, don kada a riƙa bin sawun masu su. Sai mutum ya ga wayarsa a jeri ya ɗauka ɓarawo ne. Masu Windows ma kan ga sunan wata waya a inda kwamfutar ke nuna na'urorin kusa, alhali wayar laluben Wi-Fi kawai take yi, ba ta shiga ba. Jerin da ke cikin rauta shi ne abin dogara.

Saura biyu, su kam baƙi ne. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kasafai ake fasa kalmar sirri ba, mu muke bayarwa. Baƙo ya zo suna ya tambaya, kara ta hana ka hana shi. Yaro ya nuna wa abokinsa hoton QR, cikin daƙiƙa ya shige, shi ma ya nuna wa na gaba. Shekara biyu, kalmar tana nan yadda take.

Asarar data ita ce ƙaramar. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka zai iya buɗe shafin rautar, a 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 da makamantansu, kuma gidaje da yawa har yau “admin” ne sunan shiga, “admin” ne makullin. Da irin wannan sakaci manhajar Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci a 2016, aka kai hari da su har Twitter da Netflix suka gagari mutane da dama a Amurka. Ga kuma abin da ya fi kusa da mu: layin da ke cikin rautar da lambarka ta NIN aka yi masa rajista. In baƙon ya damfari wani, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Toshe na'urori ɗaya bayan ɗaya wahalar banza ce, tunda waya na iya sake lamba ta dawo. A canza kalmar sirri da doguwa, ba lambar waya ko sunan auta ba. A canza makullin shafin rautar, a zaɓi WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wanda tun 2011 aka gano ana iya cinkar lambarsa mai alƙaluma takwas. Ni ba na kiran kowa ga rowa. Rautoci da yawa suna da layin baƙi na daban. Mai son kyautata wa maƙwabci ya buɗe masa wannan, da saninsa.

A daren abokina ya canza kalmar. Samarin dakali ba wanda ya ko ɗaga kai. Da safe uwargida ce ta same shi yana karyawa, ta ce Maman Abba ta gidan baya ta aiko, wai tun jiya intanet ya ƙi yi mata. Ashe uwargidan ce ta ba ta kalmar tun ranar sunan autarsu.