A kawo shaidar nakasa kusa da mai ita

Wannan jarida na ganin ya kamata a sauƙaƙa wa masu fama da lalura mai tsanani a Wudil hanyar samun takardar shaidar nakasa. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware wa nakasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma yi wa masu taɓin hankali alkawarin magani kyauta. To, amma wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, sai an cicciɓe shi ake sa shi a mota, ina shi ina jelen ofisoshi a birni don neman wannan takarda? Ya kamata Gwamnatin Kano ta ba likitocin Babban Asibitin Wudil ikon tantancewa, masu unguwanni kuma su kai sunayen waɗanda ke kwance a ɗaka.