Sokoto United da Gasar Firimiya: Kuɗi da Fili Kafin Buri

A gidajen kallon ƙwallo na Dingyadi da Bodinga da Shagari, matasa sun fi sanin 'yan wasan Arsenal da Barcelona fiye da na Sokoto United. Ƙungiyar jiharsu tana buga gasar NNL ne, mataki na biyu, wadda ba kasafai ake haskawa ba.

A 2024 ta kai zagayen Super 8, amma El-Kanemi Warriors da Nasarawa United suka ɗauke guraben Arewa. Wannan ya nuna a fagen taka leda tazarar ba ta da yawa. Shirin da ya rage na aljihu ne.

Gasar NPFL tana da ƙungiyoyi 20, kowace na buga wasa 38, rabi a waje. Daga Sakkwato zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000, ga kuɗin mota da masauki da albashi. Dole kuma filin wasa na Giginya ya cika sharuɗɗan lasisi, in ba haka ba a tura ƙungiyar buga wasannin gida a wata jiha.

Ko manya ba su tsira ba: Kano Pillars da Katsina United sun faɗo a 2022, kafin su koma a 2023.

Tunda gwamnatin jiha ce ke riƙe da ƙungiyar, haƙƙin masu biyan haraji ne su san nawa aka ware mata, nawa aka saki, da kuma ko akwai 'yan kasuwar da za su sa hannu. Kafin wannan lissafi ya fito fili, hawa Firimiya zai iya zama ziyarar kaka ɗaya.